Binciken da Gwaggo Hajo Ta Yi Min

Jama'a, kafin mu yi nisa, duk wacce ta taɓa tura shawarwarina zuwa wani guruf ta yi wa Allah ta yafe min. Ni ce dai Lauratun nan ta bayan kasuwar Tudun Wada, wadda kullum da safe take koya wa ɗaliban digiri na biyu yadda za su gama karatu lafiya ƙalau. Yau labarin kaina zan ba ku, kuma na san kafin in kai ƙarshe wasu za su fice daga guruf ɗin. Ba zan riƙe kowa a zuciya ba.

Sunan guruf ɗin namu Mastas Ba Hawan Jini. Ni na buɗe shi, ni ce shugaba, ni ce mai wa'azi. Ƙarfe bakwai na safe zan saki shawara da fulawa biyu a gefe. "Ki karya kumallo kafin ki buɗe kwamfuta, cikinki bai yi miki laifin komai ba." Ina rubuta wannan ne da baƙin shayi a hannu, maganin olsa kuma yana ƙarƙashin filo. "Ki rubuta ko shafi ɗaya ne a rana." Ni kuwa babi na huɗu ya yi wata biyar da takensa kaɗai, na dai canza masa launi sau uku. Wadda ta fi tashe ita ce ta bakwai: "Kada ki guje wa malamin da ke duba aikinki." A ranar da na sake ta na hango motar Dakta Edith, mai duba nawa aikin, tana shigowa sashenmu, sai na faɗa masallacin mata na yi ta nafila har na ga fitarta. Ban taɓa yin walaha mai tsawon ta ranar ba.

Bincikena a kan illar hayaƙin itace ne ga ƙirji da idanun mata masu suyar ƙosai da awara a Tudun Wada da Tudun Jukun. Take ne mai kyau, har Baba ya haddace shi yana faɗa wa abokansa a majalisa. Dakta Edith ta sa na shirya takardun tambayoyi guda ɗari biyu da hamsin, da Hausa, ba wani dogon rubutu, alama kawai za a sa a cikin akwati. Ta kuma ja min kunne.

"Ki je da ƙafarki, Lauratu. Ki zauna da su."

Na je. Allah ya gani na je. Na sa abayata mai ruwan toka da takalmi mai tsini, na rataya jaka kamar ma'aikaciyar banki. Matar farko da na samu ta tambaye ni 'yar gidan wa ce, na faɗa, ashe ta san Ummana tun suna 'yan mata. Kafin mu kai tambaya ta biyu na ci ƙosai bakwai, na ji labarin auren ɗanta da ciwon ƙafar surukarta, hayaƙi ya cika min ido har kwalli ya zubo. Awa biyu, takarda ɗaya. Abayar nan kwana uku tana warin itace.

Sai na tuna da Gwaggo Hajo, yayar Baba. Shekara talatin tana suyar ƙosai a bakin titin Tudun Jukun, babu mai kasko a unguwannin nan da ba ta san ta ba. Ta kuma yi makarantar manya, tana karanta Hausa tiryan-tiryan. Na kai mata takardun a jakar bakko da koren biro guda biyar, na ce ta raba wa matan su cika.

"Kawo nan, uwata," in ji ta. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, shi ya sa ita da Baba ba sa kiran sunana.

Bayan mako uku ta aiko min da su cif, a ɗaure da ƙyalle. Ko buɗewa ban yi ba. Washegari shawarar da na saki a guruf ita ce: "Ki koyi raba aiki, ba komai ne sai ke ba." Mutum sittin suka sa min alamar zuciya.

Yanzu ga ɓangaren da na san shi kuka fi so. Suhaibu. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Gyallesu, dogo, mai sanyin magana, irin mutanen da ke goge takalmi ko da masallaci za su. Shekararmu biyu tare. Babu wanda ya hana mu aure sai ni da iya yina. Ni na tsaya gaban Baba na ce sai na kare aikina a semina ta ƙarshe kafin a sa rana, don ban son in shiga gidan miji da babi a kai. Baba tsohon malamin makaranta ne, maganar ta yi masa daɗi har ya riƙe ta fiye da ni. Sau biyu mutanen Suhaibu suna shirin zuwa, sau biyu ina cewa saura kaɗan. A na biyun Hajiyarsa har ta sayi goro. Wannan karon ta aiko a fili, ba kwana-kwana: in aka sake ɗagawa, kada a ƙara sa bakinta a maganar.

An sa seminata ranar Alhamis. Kawun Suhaibu zai yi tafiya a ranar, don haka Baba ya yarda su zo Laraba bayan la'asar a sa rana. Ya ce kwana ɗaya ba wani abu ba ne, ai 'yarsa ta gama. Abin da ya rage kawai a shigar da amsoshin matan a kwamfuta, in zuba su a babi na huɗu, in yi kwana uku ina rubutu kamar mahaukaciya. Suhaibu ya ce shi zai shigar min.

Ranar Lahadi ya zo zance bayan la'asar. Na sa doguwar rigar atamfa koriya mai ganye-ganye, na yafa mayafi ruwan madara, na shafa humrar Umma a ɓoye. Na jera masa zoɓo mai sanyi da cincin a tire a ƙaramin falon Baba. Sai ga shi ya shigo da jakar bakkon nan a hannu, ya ajiye ta tsakaninmu. Muka gaisa. Ya tambayi Umma, ya tambayi karatu, na ce alhamdulillahi.

"Malama Lauratu, matan nan naki duk makaranta ɗaya suka yi?"

"Kamar yaya?"

"Duk da koren biro suka cika."

"Ai ni na ba su biron."

"To madalla. Kuma duk alamar tasu tana karkata hagu, da ɗan wutsiya a ƙasa."

Na gyara zaman mayafi na ce wataƙila haka ake koya musu. Bai yi dariya ba. Ya zaro wata 'yar takarda daga aljihun gaba ya buɗe.

"Mata ɗari biyu da hamsin suna zama gaban wuta shekara da shekaru. Mai tari, babu. Mai hawayen ido, babu. Mai ciwon ƙirji, babu ko ɗaya. Tamanin da uku daga cikinsu shekararsu arba'in cif. Kuma duk mazajensu suna saya musu magani idan ba su da lafiya, har zawarawan."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige da tiren gaba ɗaya. Na ce masa a hankali Gwaggo ce ta raba min. Ya ɗauki zoɓo ya kurɓa, ya ajiye.

"Ki je ki gaishe ta gobe."

Ƙarfe bakwai na safiyar Litinin ina Tudun Jukun. Ranar ko shawara ban saki ba. Na samu Gwaggo a kan 'yar kujerarta, zani ɗaure a ƙirji bisa tsohuwar rigar sanyi, tana sakin ƙullu a mai da hannu ɗaya tana juya na ciki da tsinke. Na durƙusa na gaishe ta, na jira layin ya ragu.

"Gwaggo, takardun nan, wa ya cika su?"

"Ni mana."

Haka ta faɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Gwaggo, cewa na yi ki raba!"

"Ai na raba, uwata. Mutum uku na kai wa. Ta farko ta ce in risho gwamnati za ta raba a sa sunanta sau biyu. Ta biyu ta ce sai ta tambayi mai gidan, shi kuma yana Legas. Ta uku na dawo na tarar ta naɗe wa wani awara a ciki. Sai na ce to ni me ya hana? Matan nan wa ya fi ni saninsu? Kullum bayan azahar sai in zauna in tuno mutum, in cika mata. Har na Lami mai awara da ta rasu bara na cika, Allah ya jiƙanta, ai ta daɗe a sana'ar."

Na dafe kai. Na ce to in ta san su haka, me ya sa babu mai tari ko ɗaya?

Nan ne ta ajiye tsinken ta dube ni, kamar ni ce na yi abin kunya.

"Ni zan rubuta a takarda cewa Ishatu tana tari? 'Yarta ana neman aurenta! Takarda fa ba ta mantuwa, ba ki san hannun da za ta faɗa ba. Kuma mutumin da kullum ka gaishe shi ya ce maka lafiya lau, kai ne za ka je ka rubuta masa ciwo? Ai baki ne ka yi masa."

"Babu suna a takardun, Gwaggo."

"Ni na san ko wace ce."

"To mazajen fa? Duk suna sayen magani?"

"Rufin asiri, uwata. Ke ma kin kusa shiga, za ki gane."

Tana rufe baki iska ta juyo da hayaƙin kanta. Tari ya sarƙe ta, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, ta duƙa tana yi har sai da na riƙe mata kafaɗa. Idanunta jawur, ruwa yana bin kumatunta. Ta goge da gefen zani, ta tofar, ta ce ba komai, ƙwarewa ce. Na san takardarta tana cikin jakar, kuma na san abin da ta sa a akwatin tari. Raina ya ɓaci, kuma ba da ita ba. Wata biyar ina yawo da taken bincike a baki, ban taɓa zama na ji tarin yayar ubana ba.

Ta cika min leda da ƙosai, ta ce in gaida ango.

A keke na kira Surayya, ƙawata, ajinmu ɗaya, ita ma ranar Alhamis za ta kare nata. Ta yi dariya har tana shaƙewa.

"Ke dai baƙauya ce wallahi. Wa ya ce miki ana buɗe buhu a semina? Ki ce wa Suhaibun naki ya sa wa mutum ɗari tari, saba'in hawaye, ya barbaɗa shekarun. Ki sayi lemo mai sanyi da sambusa ki jera wa malamai a tebur. Ki sa gilashi. Shi ke nan."

"In aka gane fa?"

"In ba a sa ranarki jibi ba fa? Kin san Hajiyar nan ba ta wasa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, shawarar ta zauna min. Ina isa gida na shige ɗaki na rubuta wa Suhaibu.

"Ranka ya daɗe, ba za a iya ɗan gyara lambobin ba? Kaɗan kawai. Ai ni da kai mun san suna tari."

Ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

"Mun san suna yi. Ba mu san su nawa ba. In kin ce in shigar yadda suke, zan shigar. Amma ba zan ƙirƙiri tari ba."

"Ko don Laraba?"

"Ko don Laraba."

Na aika masa fuskar kuka guda shida. Ya aiko da addu'a. Na yi jifa da wayar kan katifa na ce Allah ya haɗa ni da waliyyi, ni da ko nafilata ta gudun malama ce.

Ranar Talata gidanmu ya koma kamar ana biki. Umma ta sa an wanke labulen falo, an fito da kulolin da ba a taɓawa sai da dalili, an aika kasuwa sayen kaji. Tana wucewa ta ƙofar ɗakina tana cewa a yi shiru, Dakta tana karatu, wai ni ce Daktar. Dakta kuwa tana zaune gaban laftof ta buɗe shafi fari, ta rubuta "kashi arba'in cikin ɗari na matan suna tari", ta goge, ta mayar da shi talatin da takwas don ya fi kama da gaskiya. Har na yi shafi biyu. Sun yi kyau ƙwarai, ban taɓa rubutu da sauri haka ba. Sai na zo wurin da ake bayanin abin da sakamakon ke nufi ga matan, hannuna ya tsaya. Gwaggo ta yi tata ƙaryar don ta rufa wa ƙawayenta asiri. Ni tawa don in sa lalle ce. Na sha maganin olsa, na rufe laftof ɗin.

Laraba da safe na sa atamfa mara hayaniya da hijabi, na ɗauki jakar bakko na hau bas ɗin Samaru. Sau biyu ina cewa direba akwai sauka, in ya tsaya in ce a'a, gaba. Da na isa sashenmu motar Dakta Edith tana nan. Masallacin mata ma yana nan, ƙofarsa a buɗe. Na kalle shi ya kalle ni, na wuce.

Dakta Edith 'yar Wusasa ce, Hausarta ta fi tawa. Gajeriya ce mai furfura a gaban goshi, kullum gilashinta a rataye da igiya. Na yi sallama, ta ɗago.

"A'a! Yau an sako ki daga masallaci?"

Ashe tana gani na. Duk tsawon watannin nan tana gani na ta taga.

Na ajiye jakar a ƙasa, na zauna a bakin kujera, na faɗa mata komai. Abaya, koren biro, Lami mai awara da ta rasu, har shafi biyun da na ƙirƙira jiya. Hanci yana zuba, babu wani aji da ya rage. Ta saurare ni har na gama. Ta zaro takarda uku daga jakar ta duba, ta shinshina ɗaya.

"Man gyaɗa," ta ce. Sannan ta dube ni. "Kin ci abinci yau?"

Na girgiza kai. Ta jawo durowa ta fito da kwalbar gyaɗa da ayaba biyu ta tura min.

"Ci tukuna. Ba na faɗa da mai jin yunwa, ba ya ji."

Na ci ina kuka. Ta jira na haɗiye, sannan ta yi faɗan, kuma ta yi shi sosai. Ta ce da na kawo mata lambobin ƙarya ta sa hannu, da sunanta da nawa za su lalace tare, kuma ranar da aka gano babu mai roƙa min. Ta ce abin da ya fi ba ta haushi ba Gwaggo ba ce, ni ce da na ɓace mata wata biyar.

"Da kin zo tun ranar da abayarki ta yi wari, da na gaya miki kowa haka ya fara. Ɗalibin da ya zo min hannu wofi na san yadda zan yi da shi. Wanda ya ɓuya ne ban san me zan yi masa ba."

Ta ɗauki biro ta ja layi a kan sunana a jerin masu semina na gobe. Na ji layin nan har cikin haƙorina.

"Ta gaba sai bayan wata biyar. Za ki koma da ƙafarki. Mata huɗu a rana, kada ki wuce. Ki sa tsohon zani. Kada ki fito da takarda sai kin gaisa kin zauna, in an ba ki ƙosai ki ci. Kada ki tambayi mace ko tana tari, za ta ce miki lafiya lau. Ki tambaye ta me take sha idan tarin ya taso. Duk mako biyu ki zo nan, ko da abu ko babu. Ki riƙa barci, ki riƙa cin abinci, digiri ba ya zuwa gaida mara lafiya. Kuma gwaggon nan taki ki fara kai ta asibiti a duba ƙirjinta kafin ki tambaye ta komai."

Na ce to, Dakta. Na ce mata yau ne za a sa ranar aurena, kuma sharaɗin shi ne na gama. Ta cire gilashin ta sake shi ya faɗa ƙirjinta.

"Wannan kuma ba ni ke duba shi ba, 'yata. Amma in kin iya faɗa min, za ki iya faɗa wa babanki."

A bas na rubuta wa Suhaibu: "Na faɗa wa Dakta. Wata biyar." Alama ɗaya ce ta fito, wayarsa a kashe, yana aji. Go-sulo ya riƙe mu a Kwangila, ga wani fasinja da ya dage sai an sauke masa buhunan masara ɗaya bayan ɗaya. Niyyata in riga baƙi isa gida in samu Baba shi kaɗai. Ban isa ba sai da aka idar da la'asar.

Takalma biyar na tarar a ƙofar falo, manya-manya, masu sheƙi. Ƙamshin turare ya haɗu da na soyayyar kaza. Ta gefen labule na hango ƙullin goro a ganye da katan ɗin alewa an jingine su a bango. Umma ta fito daga kicin cikin leshinta ruwan hoda, ta zaro ido.

"Sai yanzu? Wuce ciki ki yi wanka, kina warin rana. Wannan jakar kuma ta mece ce?"

Kafin in amsa Baba ya ɗaga labule ya fito, cikin farar shaddarsa ta Juma'a, fuskar nan tasa fal murna. Ya yafito ni zuwa gindin bishiyar gwaiba, inda baƙi ba za su ji ba.

"Uwata, sun nemi wata biyu. Na ce bari in ji daga bakinki. In kin kare gobe, gyare-gyaren ba za su wuce wata guda ba, ko?"

Jama'a, na so in ce e. Harafi ɗaya ne. Da na faɗe shi da yanzu ina zaɓen kalar anko. Na durƙusa a kan simintin nan mai zafi, na kafa ido a kan takalminsa.

"Baba, ba zan kare gobe ba. An cire sunana. Sai bayan wata biyar."

Na ba shi labarin a gajarce. Da na ambaci Gwaggo ya rufe ido ya ce, "Hajo," a hankali, kamar mai ciwon kai. Umma tana tsaye da ludayi a hannu. A falo wani ya yi dariya, aka taya shi.

"Wa ya kama ki?" in ji Baba.

"Babu wanda ya kama ni, Baba. Ni na kai kaina."

Ya dube ni, ya dubi labulen falon. Na ga kunya a fuskarsa, kunyar dattijon da ya tara mutane ya cika baki da 'yarsa, kuma ni na jawo masa. Ya gyara zaman hularsa da hannu biyu.

"To. Bari ni ma in je in kai kaina."

Ya shiga. Na ji muryarsa yana cewa, "Alhaji, a yi haƙuri, akwai magana." Ban tashi daga inda nake ba. Can na ji Kawun Suhaibu ya fito ƙofar gida yana waya ƙasa-ƙasa. Ba a fi minti biyar ba wayar Umma ta yi ƙara a kicin. Ta ɗauka, ta gaisa cikin ladabi, ta saurara, sannan ta taho wurina tana riƙe da wayar nesa da jikinta kamar garwashi.

"Hajiyar Suhaibu ce. Ke take so."

Na goge tafin hannuna a hijabi na karɓa. Na yi sallama, na fara gaisuwa, ta katse ni.

"Lauratu, ba dogon zance zan yi ba. An ce ke kika je kika faɗi gaskiya da kanki, to ni ma ita nake so. Suhaibu ya san da wannan maganar kafin ya bar 'yan'uwana su yi wanka su ɗauki goro su zo gidanku?"

Daidai nan tawa wayar ta yi motsi a cinyata. Ya kunna tasa ke nan. Na kalli fuskar wayar, saƙo ɗaya ne, daga mutumin da ya ƙi ƙirƙirar tari ko don Laraba.

"In Hajiya ta kira ki ce ban sani ba. Don Allah, Lauratu."

A kunnena Hajiya ta yi gyaran murya.

"Ina jin ki," in ji ta.